Yadda garkuwar ƙwaƙwalwa ke balaga bayan haihuwa

Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa, waɗanda masana ke kira maikurogiliya. Tun ɗan tayi yana ciki suke shiga ƙwaƙwalwa, amma sai bayan haihuwa suke kammala girma. Da fari dunƙulallu ne, suna yawo suna cinye matattun ƙwayoyi. A ɓera, cikin makonni uku na farko sukan fitar da siraran rassa, kowace ta kama yankinta, su shiga datse mahaɗan jijiyoyin da ba sa aiki sosai.

Abin mamaki, hanji ma yana da hannu. A 2015, masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus sun gano cewa ɓerayen da aka rena babu bakteriya a hanjinsu, maikurogiliyarsu ba ta balaga yadda ya kamata.