Lasisin GPL da Iyakar da Na'ura ke Gindaya wa 'Yancin Manhaja

Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya ba mai amfani da manhaja damar nazarin rubutunta na asali, da gyara ta, da rarraba ta, bisa sharaɗin cewa duk gyaran da aka rarraba ya kasance ƙarƙashin wannan lasisi. Sai dai damar gyara ba ta da amfani idan na'ura ta ƙi karɓar gyaran.

Kamfanin TiVo na Amurka ne ya fito da wannan matsala fili. Na'urorinsa na naɗar shirye-shiryen talabijin suna aiki da Linux, kuma ya saki rubutun manhajar kamar yadda siga ta 2 ta lasisin ta tanada, amma na'urorin ba sa kunna manhajar da ba ta ɗauke da sa hannunsa na dijital. Don toshe wannan kafa ne siga ta 3, ta 2007, ta wajabta wa masu ƙera na'urorin amfanin jama'a su bayar da bayanan girka manhajar da aka gyara. Linus Torvalds bai amince da wannan sharaɗi ba, don haka Linux ya tsaya a siga ta 2. Ke nan, kamfani na iya kulle wayar Android, wadda aka gina a kan Linux, ba tare da ya keta lasisin ba.