Kallon Tsuntsaye a Dausayin Haɗeja da Nguru: Lokaci, Hanya da Sunaye

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake ziyartar dausayin Haɗeja da Nguru domin kallon tsuntsaye, ta fuskar lokacin da ya dace da kuma zirga-zirga a ƙafa ko a keke. Ta nuna cewa ga manazarcin Hausa irin wannan ziyara kafa ce ta tattara sunayen tsuntsaye da ilimin da ke tattare da su, a daidai lokacin da sauyin ruwa yake sauya tsuntsayen da ake gani.

1.0 Gabatarwa

Dausayin Haɗeja da Nguru yana tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda kogunan Haɗeja da Jama'are suke rarrabuwa su malala kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai tsofaffin jigayin rairayi sun ratsa ta. Saboda haka idan ruwa ya zo sai ya cika kwarin da ke tsakanin jigayin, ya bar tuddai kamar tsibirai. Bade da Hausawa da Barebari da Fulani ne suke rayuwa a nan, da noman shinkafa da noman rani da su da kiwo da yankan kaba.

Wurare uku na dausayin sun shiga jerin Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971 domin kare dausayoyin duniya. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga a 2000, tafkin Dagona da dausayin Baturiya kuwa a 2008. Dagona, da ke ƙaramar hukumar Bade, yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, kuma shi ne ya fi shahara wajen masu kallon tsuntsaye.

2.0 Lokacin Ziyara

Ruwa ne yake tsara komai a dausayin. Ambaliya takan fara ne da tsakiyar damina, ta kai ƙarshen cikarta wajen Agusta da Satumba, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali. Janyewar tana barin tafkuna marasa zurfi da taɓo mai cike da ƙwari da tsaba da ƙananan kifaye. A daidai wannan lokaci sanyi yake kama Turai da arewacin Asiya, sai agwagin daji da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su sauka a nan. Don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne aka fi samun abin kallo, kuma a watan Janairu ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya.

Bahaushe kuwa wata ƙaura ce ya fi sani, wato ta shamuwa. Ita da ƙaratowar damina take zuwa, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, idan ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Manomi yakan ɗauki zuwanta a matsayin busharar ruwa, shi ya sa ba a cika taɓa ta ba. Ke nan dausayin yana karɓar baƙi iri biyu a shekara, na damina da na hunturu, kuma wanda ya zo a Janairu kada ya sa ran ganin shamuwa.

A cikin yini, daga fitowar rana zuwa hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba ne tsuntsaye suka fi kai-komo. Hazon hunturu yana rage hangen nesa, don haka ana buƙatar madubin hangen nesa da kuma haƙurin zama wuri ɗaya.

3.0 A Ƙafa ko a Keke

Ziyara tana farawa da neman izinin ma'aikatan gandun, da gaida mai gari, da samun ɗan jagora daga mutanen wurin. Hanyoyin da ake bi na manoma ne da masunta da makiyaya, kuma suna sauyawa gwargwadon janyewar ruwa. Turbar da aka bi a Fabrairu tana iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa a Oktoba, lokacin da sai da kwalekwale ake kaiwa wasu wurare.

Tafiyar ƙafa ita ce ta fi dacewa da bakin tafki, domin mai tafiya yana iya tsayawa ko ya laɓe a bayan bagaruwa ba tare da ya tayar da garke ba. An fi son tufafi marasa ƙyalli, da sanya rana a baya domin launin tsuntsu ya fito. Ya kamata a guji shiga ruwa ba gaira ba dalili, saboda tsargiya ta zama ruwan dare a irin waɗannan tafkuna.

Keke kuwa amfaninsa shi ne haɗa tafki da tafki ba tare da ƙarar inji ba, saɓanin babur da mota. Yana gudu sosai a kan busasshiyar laka, amma a kan jigawa sai an sauka an tura, ga kuma ƙaya mai huda taya. Wanda zai hau shi sai ya riƙe kayan faci da famfo da isasshen ruwan sha.

4.0 Sunaye da Abin da Suke Ɗauke da Shi

Masu ƙidaya da sunayen kimiyya suke rubuta abin da suka gani, ɗan jagora kuwa da nasa sunayen yake nuna shi: ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela da borin-tunke da gauraka. Wasu sunayen bayani ne a kan tsuntsun. Jan-baki launin bakinsa aka duba. Kazar ruwa an kwatanta ta da ta gida. Zakaran ƙeƙuwa an jingina shi ga fako inda yake zama ya yi ƙwai. Kwasakwasa kuma ana iya danganta sunansa da yadda yake kwasar kifi da jakar bakinsa.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikin waɗannan sunaye. Sai dai ƙamus ba ya nuna ko matashin yau zai iya haɗa sunan da tsuntsun, ko kuwa sunan ya saura a karin magana da tatsuniya kaɗai. A bakin tafki ne ake iya gwada wannan. A nan ne kuma za a ji yadda Hausar yankin take cuɗanya da Badanci da Barbarci da Fulatanci wajen raɗa wa tsuntsu suna.

5.0 Sauyin Ruwa

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa yake isowa. Ambaliyar damina ta ragu, sannan sakin ruwa da rani ya sa wasu wurare ba sa bushewa. Wannan ya ba ciyawar kacala damar mamaye mashigai da gonaki. Kacala tana toshe hanyar kwalekwale, tana rufe buɗaɗɗen ruwan da agwagi suke sauka, tana kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Saboda haka garken da yake burge baƙo yana iya zama asarar shekara ga manomi, kuma mai ziyara da bai san haka ba zai yi wa maganar mutanen gari gurguwar fahimta.

Gauraka misali ne na abin da ake tsoro. A da sananne ne a fadamun Arewa har ana ajiye shi a gidajen sarauta, yau kuwa ganinsa a dajin Nijeriya ya yi wuya ƙwarai. Sunansa yana nan a bakin mutane, amma masu iya kwatanta tukkunsa da kukansa suna raguwa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa nasarar ziyarar dausayin Haɗeja da Nguru ta rataya ne a kan sanin lokacin ruwa, da zaɓen hanya, da sauraron ɗan jagora. Abin da ya rage ga sassan nazarin Hausa shi ne su riƙa tura ɗalibai tare da masu ƙidayar Janairu, domin a rubuta sunan kowane tsuntsu da Hausa da sauran harsunan yankin, a haɗa da hotonsa da kukansa da garin da aka ji sunan, tun dattawan masunta da suka san su suna raye.