Bjorn Beckman: Masanin da Ya Bi Sawun Alkama Har Bakolori

Ilimin tattalin arzikin raya ƙasa fanni ne da ke nazarin hanyoyin da ƙasashe matalauta ke bi domin bunƙasa noma da masana'antu da rayuwar jama'arsu, kuma masanansa sun rabu gida biyu: akwai masu tsayawa ga ƙididdigar abin da aka samar, akwai kuma masu tambayar wanda ya ci riba da wanda ya ɗauki asara. Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da aka haifa a 1938, yana cikin gida na biyu, domin a wurinsa ba a raba tattalin arziki da siyasa. Ya fara bincikensa a Ghana a kan manoman koko da yadda hukuma ke tatsar guminsu, ya fitar da littafi a kan haka a 1976, sannan ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1978 zuwa 1987.

Zuwansa Zariya ya zo daidai da kammala madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aikin da kamfanin Impresit na Italiya ya yi a lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Mutanen Talata Mafara da Bakura da ƙasar Maradun, har su Gidan Goga, ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ya biyo baya. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aka tashi dubban mutane. A ƙasan madatsar kuwa an karɓe gonaki domin a baje su a haƙa magudanan ruwa, manomi ya yi damina biyu ko uku bai jefa iri ba, kuma da aka zo mayar da filaye sai iyakoki suka rikice, diyyar gidaje da itatuwa ta maƙale a hannun ma'aikata. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, har zuwa watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mamatan ba su kai 30 ba, mutanen yankin kuwa suna ƙirga fiye da 300.

Maƙalar da Beckman ya rubuta a kan wannan rikici ta ƙi yarda da bayanin da jami'ai suka saba yi, wato cewa baƙauye ne ya jahilci ci gaba. Ya nuna cewa manomin ya san lissafinsa sarai, domin an ƙwace masa ikon zaɓen abin da zai shuka da lokacin shukawa, an kuma ɗora masa kuɗin ruwa da na huɗar tarakta, alhali 'yan kwangila da masu sayar da injuna sun riga sun karɓi nasu tun kafin a girbe ko dami ɗaya. Wannan hujja ta fi duk wani jadawalin ƙididdiga nauyi, ko da yake za a iya cewa ya fi ba da ƙarfi ga laifin jari-hujja fiye da sakacin ma'aikatan gida.

Daga Bakolori ne tambayar ta faɗaɗa ta zama littafin The Wheat Trap, wato tarkon alkama, wanda ya rubuta tare da matarsa Gunilla Andrae a 1985. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin tun da can ana noma ta 'yar kaɗan a bakin rafi, ana ba ta ruwa da jigo, ana yin alkaki da finkaso da ita. Abin da ya sauya shi ne burodi, wanda ya zama abincin gaggawa na leburori da 'yan makaranta a birane, ana yin sa da alkamar Amurka da ake niƙawa a Apapa ta Legas. Gwamnati ta ɗauka za ta maye gurbin ta waje da ta gida ta hanyar manyan ayyukan noman rani guda uku, wato Bakolori da Kadawa ta Kano da na kudancin Tafkin Chadi, amma alkama tana son sanyin hunturu, wanda gajere ne a nan, ta yadda duk wanda bai shuka ba a wajen tsakiyar Nuwamba, sau da yawa saboda dawarsa ba ta bar gona ba, zafin bazara zai riski alkamarsa kafin ta yi ƙwaya. Marubutan sun nuna cewa buhun da aka noma a haka ya ninka na waje tsada, don haka tarkon ya kama ƙasar ta fuska biyu. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992.

Daga baya hankalin Beckman ya koma kan ma'aikatan masaƙu na Kaduna da Kano da ƙungiyarsu, a zamanin da Adams Oshiomhole ke babban sakatarenta, inda Beckman da Andrae suka fitar da wani littafin a 1998. Ya koyar a Jami'ar Stockholm har ya yi ritaya, ya kuma rasu a 2019. Har yau mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje take zuwa, manoman Bakolori kuwa shinkafa suka fi nomawa.