Idan barci ya ƙaurace: Yadda maganin larurar bipolar ke daidaita agogon jiki

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Maraɗi, ba kowa ke samun barcin kirki ba. A Tsibirin Gobir, kilomita kaɗan daga birnin, samari kan raba dare a fada suna shan shayi har iska ta yi sanyi. A Jiratawa kuwa masu noman rani kan fita tun da asuba don ban ruwa. Ga yawancin mutane, kwana biyu ba barci gajiya kawai yake jawowa. Ga mai larurar da likitoci ke kira bipolar, yana iya zama mafarin tashin ciwo.

Iyalan da suka taɓa jinyar irin wannan sun san yadda take farawa. Mutum ya yi kwana uku yana barcin awa biyu kacal, kuma bai gaji ba. Surutu ya ƙaru, ya riƙa tsara manyan harkoki, ya ɓarnatar da jarinsa, ya yi faɗa da duk wanda ya ce ya kwanta. Bayan makonni sai abin ya juye, ya shige ɗaki, ya daina magana da kowa. A ƙasar Gobir, inda bori ke da dogon tarihi, sau da yawa akan ce iska ce, a zaga wajen malamai da masu maganin gargajiya kafin a je asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da larurar a shekarar 2019.

Agogon da ke jikin kowa

A 2017 aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel saboda gano yadda agogon jiki ke aiki. A jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda suka yi binciken. Wata ƙwayar gado tana ba da umarnin ƙera furotin mai suna PER. Da dare furotin ɗin ya taru, idan ya yi yawa sai ya koma ya rufe ƙwayar gadon da ta samar da shi, kamar tankin ruwa mai toshe bututunsa idan ya cika. Da rana ya narke, aiki ya sake farawa. Zagaye ɗaya na ɗaukar kusan awa 24.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum na da irin wannan agogo, a hanta, a fata, a ƙoda. Babbansu yana cikin ƙwaƙwalwa, wani ɗan gungu mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, wanda ke karɓar labarin haske daga ido yana saita sauran. A jikin masu bipolar wannan tsari ya fi saurin rikicewa, shi ya sa raguwar barci kan riga sauran alamomi bayyana.

Inda magani ke shiga

Litiyam ne tsohon magani a wannan fanni. Wani likita ɗan Ostareliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. A shekarun 1970 wani masani a Jamus, Wolfgang Engelmann, ya lura cewa idan aka ba wani fure mai buɗewa da rufewa kullum ruwan litiyam, sai zagayensa ya ƙara tsawo. An ga haka daga baya a jikin ƙwari da ɓeraye, har da mutanen da aka gwada a tsibirin Spitsbergen, inda rana ba ta faɗuwa a lokacin bazararsu.

A 1996 aka gano cewa litiyam na danne wani sinadari mai suna GSK-3. Aikin wannan sinadari ya haɗa da sa wa furotin na agogo alama, wadda ke nuna lokacin da za su fara aiki da lokacin da za a rusa su. Wannan na cikin hanyoyin da maganin ke taɓa agogon. A gwajin ƙwayoyin halitta an ga agogon ya ɗan rage gudu, bugunsa kuma ya ƙara ƙarfi.

Akwai kuma maganin da aka fi sani da Dépakine a ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda asalinsa na farfaɗiya ne. Shi yana sassauta naɗin da ke ƙunshe da ƙwayoyin gado, ya sauya lokacin da na agogo ke tashi aiki. Yana da hatsari babba ga jaririn da ke ciki, don haka dole macen da za ta iya ɗaukar ciki ta tattauna da likita kafin ta fara shan sa.

Zafi, azumi da ci-rani

Ƙoda ce ke fitar da litiyam, kamar yadda take fitar da gishiri. Idan gumi ya yi yawa, ko aka yi gudawa, ko ba a sha isasshen ruwa ba, sai maganin ya taru a jini ya zama guba. Alamominsa su ne karkarwar hannu mai tsanani, amai, tangaɗi da sarƙewar harshe. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, da ake saye a hannun masu talla, suna ƙara wannan hatsari. Saboda haka ake auna jinin mai shan sa lokaci-lokaci, awa 12 bayan shan na ƙarshe, a kuma duba ƙoda da maƙoshi.

Watan azumi na haɗa matsala biyu, ƙishirwa da juyewar lokacin barci. Wani bincike da likitocin Kasablanka a Maroko suka wallafa a 2000 ya nuna ciwon ya tashi wa wasu masu shan litiyam a cikin Ramadan. Shawarar likitoci ita ce a je a gan su kafin ganin wata, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

'Yan ci-rani ma abin ya shafe su. Mai gadin dare a Legas ko Abijan, da direban da ke kwana a hanyar Agadas, da ɗalibin da ke Turai inda rana kan kai ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, duk agogonsu na shan wahala. Wanda ke kan magani ya kamata ya gaya wa likitansa irin aikin da yake yi, ya kuma nemi na rana idan da hali.

A jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Ellen Frank ta tsara wata hanyar jinya da ake haɗawa da magani: majinyaci ya riƙa rubuta lokacin tashi, da cin abinci, da kwanciya, yana ƙoƙarin kada su sauya. A Tsibiri akwai abin da zai sauƙaƙa wannan, domin salloli biyar sun riga sun raba yini. Tashi da asuba, fita cikin hasken safe, ajiye waya bayan isha'i, da shan magani a lokaci guda kullum, duk suna taimaka wa agogon.

Ga iyalai, abin lura ɗaya ne. Idan mai larurar ya yi dare biyu ko uku barcinsa ya ragu sosai kuma yana cewa garau yake ji, lokacin zuwa asibiti a Maraɗi ya yi, tun kafin surutu da ɓarnar kuɗi su fara. Kada kuma ya daina shan magani don ya ji sauƙi, domin yanke litiyam farat ɗaya kan dawo da ciwon da sauri.