Ruwan da ke Ƙarƙashin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen samansa da ya koma tsakuwa da yashi. Wannan shimfiɗa mai ɗauke da ruwa ita ce ma'adanar da rijiyoyin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suke sha daga gare ta, kuma ba ta da zurfi, ba ta samun ƙari sai daga ruwan damina da ke nitsewa tsakanin Yuni da Satumba.

Da yake ruwan famfon da ake turowa daga matatun ruwa na Tamburawa da Challawa ba ya wadatar da unguwannin, gidaje da yawa sun koma haƙa rijiyar burtsatse, 'yan garuwa kuma suna cika jarkoki a can su tura kura lungu-lungu. Abin damuwa shi ne ƙuncin filaye, domin masana lafiya suna son a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, alhali a gida mai ƙaramin tsakar gida katanga ɗaya ce ke raba rijiyar wani da masan maƙwabcinsa, ƙazantar kuwa tana tsatsafowa ba tare da ta sauya launin ruwa ba.

Cike kududdufai domin gina shaguna da malale tsakar gida da siminti sun toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya koma ƙasa, saboda haka ya wajaba hukumar tsara birni ta hana gini a kan kududdufan da suka rage.