Kokawar Talabijin Da Ƙashin Bayan 'Ya'yanmu

Duk wanda ya ratsa lungunan Tudun Wada a Zariya da maraice, musamman a lokacin dogon hutun makaranta, da wuya bai ci karo da wannan wasa ba: yaro ya kwantar da ƙanensa rub da ciki a ƙofar gida, ya hau bayansa, ya kama ƙafafunsa ko haɓarsa yana ja, sauran yara sun kewaye su suna ihu. Wani lokaci ma a harabar majami'a ake yi, bayan an tashi daga makarantar Lahadi, iyaye suna ciki suna sujada. Manya kan wuce su ce ai wasan yara ne. To, 'yan'uwa, wasan yana da suna, yana da inda aka ɗauko shi, kuma ya kamata kowane uba da kowace uwa su iya gane shi da ido.

Kokawar Turawa, wadda yaranmu ke kira reslin, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawa za su tuna da Power Mike, wato Michael Okpala, ɗan Nijeriya da ya yi suna a shekarun 1970, ya kuma rasu a 2004. Za su tuna da Mighty Igor a akwatin talabijin mai baƙi da fari. Daga baya kaset-kaset na bidiyo suka kawo su Hulk Hogan da Undertaker, sa'an nan gidajen kallo da tauraron ɗan Adam da wayar hannu suka ƙarasa aikin. Saboda haka uban da ke tsawata wa ɗansa a yau, mai yiwuwa shi ma ya taɓa murɗe wuyan wani a tsakar gida.

Abin da yara ba su sani ba, har ma da manya da yawa, shi ne wannan kokawa shiri ce. A shekarar 1989 wakilan kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, sun faɗa wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka da bakinsu cewa abin da suke yi nishaɗi ne, ba gasa ba. An san wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali. Mutum biyun da ke ɗaure wa juna fuska abokan aiki ne, kuma babban nauyin da ke kan mai kamu shi ne ya sa abin ya zama kamar azaba a idon 'yan kallo, alhali kuwa yana tsare jikin abokinsa. Yaro yana ganin azabar, amma ba ya ganin tsarewar, don haka rabin da ya gani shi yake kwaikwayo.

Kafin mu shiga bayanin kamun, bari mu dubi bayan da ake kamawa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera bisa juna: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke haɗuwa, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma a ƙasa, yawancinsu sukan manne idan mutum ya girma. Tsakanin na sama akwai guringuntsi mai kamar faifai da ke hana su gogar juna, ta cikinsu kuma laka ta bi, wadda daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Ubangiji ya yi bayan mutum yadda zai sunkuya gaba sosai, amma lanƙwasawa baya kaɗan yake iyawa. Likitocin ƙashi sun san wata irin tsagewa da ke samun ƙashi na biyar na ƙugu, wanda yake can ƙasa, kuma sun fi ganinta a jikin matasa masu wasannin da ake yawan lanƙwasa baya. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Kusan dukan kamun da za mu ambata kuwa aikinsu ɗaya ne, wato su tura baya ta wajen da ba ya son tafiya.

Wanda aka fi gani a wajen yaranmu shi ne kamun ƙaguwa, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan birnin Boston. Alamarsa ita ce na ƙasa yana rub da ciki, na sama ya juya masa baya, ya saƙale ƙafafunsa biyu a hammata, ya tsuguna a kan ƙugunsa. Chris Jericho ya yi suna da wani nau'insa da ya kira Ganuwar Yariko, ko da yake babu abin da ya haɗa shi da labarin Joshuwa sai sunan. In mai karatu ya ƙura ido a talabijin, zai lura ƙwararren ba ya zama. Tsuguno yake yi, nauyinsa yana kan ƙafafunsa, akwai tazara tsakaninsa da bayan abokinsa. Na ƙasan kuma yana dogare da hannuwansa, shi ne ke ɗaga ƙirjinsa gwargwadon yadda zai iya ɗauka. Yaro kuwa zama yake yi daram, ya kuma jingina baya da dukan ƙarfinsa, domin a tunaninsa haka ake yi. In ɗan shekara goma sha huɗu ya yi wa ɗan shekara takwas haka, nauyinsa gaba ɗaya ya taru ne a kan waɗannan ƙasusuwa biyar na ƙugu.

Kamun kunama ɗan'uwansa ne. Riki Choshu na Japan ne ya fito da shi fili, Bret Hart na Kanada kuma ya sa duniya ta san shi da sunan Shafshuta. Bambancinsa shi ne ana harɗe ƙafafun na ƙasa a kan ƙafar mai kamu kafin a juya shi, don haka bayan ƙugu har gwiwa da idon sawu suna cikin haɗari. Akwai labari a kansa da ya kamata a ba yara. Ranar 9 ga Nuwamba, 1997, a birnin Montreal, Shawn Michaels ya yi wa Bret Hart wannan kamu, sai shugaban kamfanin, Vince McMahon, ya sa aka kaɗa ƙararrawa alhali Hart bai sallama ba. Hart ya fusata ƙwarai domin ba haka aka shirya da shi ba. Rigimar da ta biyo baya ta nuna wa kowa cewa ba zafin kamu ke raba gardama a wannan sana'a ba, abin da aka tsara a bayan fage ne.

Amma a ganina wanda ya fi dukansu muni a hannun yaro shi ne hawan raƙumi. A nan na sama yana fuskantar kan na ƙasa ne, ya ɗora hannuwansa a kan cinyoyinsa, ya haɗa yatsu a ƙarƙashin haɓarsa, ya ja baya. Gory Guerrero ne aka ce ya ƙago shi a Meziko, amma Iron Sheik, mutumin Iran, shi ya sa yaranmu na shekarun 1980 suka san shi. Da shi ya karɓi kambu daga hannun Bob Backlund a New York ranar 26 ga Disamba, 1983, sa'ad da mai kula da Backlund ya jefa tawul. Ƙwararre yana tallafe haɓa ne kawai, na ƙasa shi ke ɗaga kansa da kansa. Yaro kuwa hannunsa yakan zame zuwa maƙogwaro. Ga baya a lanƙwashe, ga wuya a ja, ga numfashi a toshe, wanda ake yi wa kuma ba shi da hannun da zai buga ƙasa, ba shi da muryar da zai ce a sake shi. In ka ga wannan, kada ka tsaya faɗa daga nesa. Je ka riƙe na saman, ka sa ya saki haɓar a hankali, kada ka fizge shi baya yana riƙe da kan ɗan'uwansa.

Sauran ba su cika yawa ba. Akwai rungumar beyar, inda ake matse ƙugu da haƙarƙari a tsaye, irin ta Bruno Sammartino. Akwai kuma wanda ake saɓa mutum rigingine a kan kafaɗu ana girgizawa, irin na Lex Luger, wanda babban haɗarinsa shi ne faɗuwa da ka.

To, yaya su masu sana'ar ke tsira? Sukan yi watanni suna koyon yadda ake faɗuwa kafin a bar su su kama kowa. Suna shiga kamu sannu a hankali, su sake shi sannu a hankali. Suna raɗa wa juna magana a cikin wasa, alƙalin wasa kuma yana kai saƙo tsakaninsu, ga alamar da suka yarda da ita wadda in an yi ta dole a saki nan take. Dandamalin nasu katako ne da aka shimfiɗa wa soso da tamfol, yana ɗan lotsawa, ba daɓen siminti ba ne. Manyan kamfanoni suna ajiye likita a gefe. Duk da haka ba su tsira gaba ɗaya ba. Shi Shawn Michaels ɗin nan, a watan Janairu na 1998 ƙugunsa ya bugi gefen akwatin gawa da aka ajiye don wasa, guringuntsin bayansa ya lalace, ya yi fiye da shekara huɗu bai yi kokawa a kamfanin ba sai a watan Agusta na 2002. A tsakanin nan ne ya karɓi Yesu, kuma ya sha ba da shaidar haka a fili. In mai horo da likita da dandamali mai taushi ya ga haka, ina ga yaron da ke kan siminti? Gaskiyar magana ita ce babu hanyar yin waɗannan kamu lafiya a gida. Shi kansa kamfanin WWE ya daɗe yana sa gargaɗi a shirye-shiryensa cewa kada a gwada.

Wasu 'yan'uwa sukan ce a hana kallon gaba ɗaya, a kuma hana kowace irin kokawa. Ban ga hanin zai yi aiki ba, domin yaron da aka kashe wa talabijin a gida zai gani a wayar abokinsa. Kokawa kuma ba abin ƙyama ba ce. A Farawa sura 32 mun karanta yadda Yakubu ya kwana yana kokawa a Feniyel, mun kuma karanta cewa ya fito yana ɗingishi saboda kwatangwalonsa. Abin da ya fi shi ne uba ya zauna da ɗansa su kalla tare, ya nuna masa tazarar nan da ke tsakanin mai kamu da bayan abokinsa, ya nuna masa inda suke raɗa. Yaron da ya gane dabara ce, girman abin yakan ragu a idonsa. Daga nan malamin makarantar Lahadi zai iya ɗorawa da koyarwar Bulus a 1 Korantiyawa sura 6 game da jikin mai bi, ya tuna wa yara cewa jikin ƙanensu ma na Ubangiji ne.

Muna kuma da tamu kokawar ta gargajiya, wadda ake yi bayan kaka, a kan rairayi, gaban manya. A Jamhuriyar Nijar har gasar ƙasa ake yi mata ta neman takobi, tun daga ta farko a Tawa a 1975. Ƙa'idarta ita ce da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, ba a bin wanda ya faɗi a murɗe shi. Shugabannin matasa da hafsoshin Boys' Brigade da ke neman abin da zai ɗebe wa yara ƙarfi lokacin hutu za su iya ɗaukar wannan: a zuba yashi, a haɗa sa'a da sa'a, babba ya tsaya a kai, ba taɓa wuya, ba hawa baya.

In kuwa tsautsayi ya riga ya auku, ga abin da za a lura da shi. Yaron da ya tashi da kansa yana tafiya, ciwon kuma ya lafa cikin kwana biyu ko uku, galibi tsoka ce ta ji jiki. Amma in ciwon ƙugu ya wuce mako biyu, ko yana ƙaruwa duk sa'ad da ya lanƙwasa baya, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi. In kuma ya ce ƙafarsa ta mutu, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, ko ya kasa tsayawa, ko fitsari ya kubce masa ko ya ƙi fita, wannan ba na jira ba ne. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ja ƙafafunsa wai a miƙe ƙashin, kada a murza, kada a ɗora shi a kan babur, kada kuma a fara da mai ɗori, domin ɗaurin karayar hannu daban, laka daban. A samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su juya shi a kai lokaci ɗaya, ɗaya yana riƙe da kansa daidai da jikinsa, a sa shi a mota a kwance. Daga Tudun Wada, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne inda za a nufa, in aikin ya kai ga haka kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A gaya wa likita ainihin yadda aka yi, a kuma yi wa yaran alkawarin ba za a doke su ba in sun faɗi gaskiya, gama tsoron bulala kan sa su ce faɗuwa ya yi.