Robar Daidaita Haƙora da Tsaftar Baki a Kano



A Nassarawa GRA, daga Titin Audu Bako zuwa kewayen Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, matasa da ma'aikatan ofis sun fara tambayar likitocin haƙori wata hanyar gyaran haƙora da babu waya a cikinta, babu ƙarfe. Roba ce garai-garai da ake ƙerawa daidai da bakin mutum, ya kifa ta a kan haƙoransa, tana tura su sannu a hankali har su jeru. Mai wushirya dai ba ruwansa, don a ƙasar Hausa ado ce. Masu neman robar su ne waɗanda haƙoransu suka hau kan juna ko suka turo gaba.

Kamfanin Align Technology, wanda Zia Chishti da Kelsey Wirth suka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1997, shi ya yayata wannan fasaha da sunan Invisalign. Ana sauya robar bayan mako 1 ko 2, kuma sai ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 a kullum kafin ta yi aiki. Ke nan karin kumallo da abincin rana da tuwon dare, da goge bakin da ke biyo bayansu, duk a cikin awa 2 zuwa 4 za su shige.

A nan ne robar take cin karo da al'adar Bakano. Ɗan kasuwa yakan wuni yana ɓantarar goro, ma'aikaci na kurɓar shayi, a biki kuma ga zoɓo da kunun aya. Mai sanye da roba kuwa ruwa kaɗai aka yarje masa. Dalili kuwa, yawu ne ke wanke haƙora, yana kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa idan sun ci sukari. Da zarar an rufe haƙori da roba, yawu ba ya isa gare shi sosai. Idan lemon kwalba ya shige ƙarƙashinta, sai ya kwanta a jikin haƙori na tsawon sa'o'i, tamkar an jiƙa tsumma an ɗaure a leda. Da farko fararen tabo ne ke bayyana, daga baya kogo. Shayi mai zafi yana lanƙwasa robar, goro da manja da kori kuma su rina ta, abin da aka saya da tsada don kada a gani ya koma ja ko rawaya.

Duk da haka robar tana da fifiko a kan waya. Tunda ana cire ta, burushi da zaren sakace suna kaiwa ko'ina, shi ya sa dasashin masu roba ya fi zama lafiya idan sun kiyaye. Zaren nan ba kwalliya ba ne: naman tsire ko kilishi da ya maƙale tsakanin haƙora yana iya hana robar zama daram, kuma ga warin baki.

Musulmin Kano na da wani gata da ya kamata likitoci su riƙa tuna masa. Alwala sau biyar da asuwaki sun riga sun tsara masa lokutan wanke baki. Ya cire robar, ya yi asuwaki, ya kuskure, ya ɗauraye ta da ruwan sanyi kafin ya mayar. Safe da dare kuma sai burushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ita robar, burushi mai laushi da sabulun ruwa marar launi sun ishe ta. Abin da ya fi salwantar da ita shi ne a naɗe ta a takarda a ajiye kusa da faranti, a kwashe da kwanuka. Don haka ɗan akwatinta ba ya rabuwa da aljihu.

Da azumi lissafin yana juyawa. Da rana robar na zaune lafiya, amma daga buɗa-baki zuwa sahur ake ciye-ciye, dabino, kunu, ƙosai, shayi bayan asham. Gara a tattara cin zuwa zama biyu ko uku, kada kuma a koma barci bayan sahur ba a goge baki ba, domin bakin mai azumi a bushe yake wuni.

Masu tallata robar ta intanet ba tare da likita ya duba baki ba abin tsoro ne ƙwarai. SmileDirectClub na Amurka, da ke aika wa mutane roba har gida, ya rufe a Disambar 2023, ya bar masu jinya a tsakiyar hanya. Haƙorin da ke da kogo, ko dasashin da ke zubar da jini, sai an yi maganinsu tukuna, a asibitin kuɗi ne ko a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan an gama gyaran kuma akwai wata robar riƙo da ake kwana da ita shekara da shekaru, in ba haka ba haƙora su fara komawa inda suka fito.